Labarin Tsibiran Tsuntsaye Na Ƙasar Peru

'Yan makaranta, ku buɗe taswirarku ta duniya, ku nemi Amurka ta Kudu, ku bi gefenta na yamma da yatsa har ku iske ƙasar da a ke kira Peru. Za ku ga duwatsun Andis sun miƙe daga arewa zuwa kudu kamar ƙashin baya, tsakaninsu da teku kuwa sai wani ɗan siririn fili. Filin nan hamada ne. Cikin teku daura da shi akwai waɗansu 'yan tsibirai waɗanda masu zanen taswira ba su cika damuwa su sa musu ko ɗigo ba, saboda ƙanƙantarsu. Babu ruwan sha a kansu, babu itace, babu ko ciyawar da akuya za ta tsinka. Duk da haka an yi zamanin da 'yan duwatsun nan su ne baitulmalin ƙasa guda. An ci bashi da sunansu, an yi yaƙi dominsu, mutane da yawa kuma sun mutu a kansu cikin wulakanci. Labarinsu za mu ba ku yau, da na waɗansu mutane ƙalilan da suka zaga su cikin ƙananan jirage don su ga abin da ke zaune a kai.

Ɗalibi mai hankali zai fara tambaya, ƙaƙa a ke samun hamada a bakin teku, ga ruwa iyakar ganin ido? Dalilin shi ne ruwan tekun nan sanyi gare shi. Akwai wata igiyar ruwa mai sanyi da ke gangarowa daga kudu tana bin gaɓar ƙasar. Iska kuma kullum tana tura ruwan sama-sama zuwa tsakiyar teku, sai na ƙarƙashi, wanda ya fi sanyi, ya taso ya maye gurbinsa. Iskar da ta kwanta bisa ruwan sanyi nauyi ta ke yi, ba ta tashi sama balle ta haɗa hadari, iyakarta ta kawo hazo da raɓa. Ta gabas kuwa duwatsun Andis sun tare damina. Saboda haka a Lima, babban birnin ƙasar, shekara ta kan zagayo ba a yi ruwan da zai jiƙa wa mutum riga sharkaf ba.

To, sanyin nan da ya hana ƙasa tsiro, shi ne ya cika teku da rai. Ruwan da ke tasowa daga ƙarƙashi yana ɗauko abincin waɗansu ƙananan tsire-tsire da ido ba ya gani, su kuwa su ne abincin wani ɗan kifi da bai kai taƙi ba, sunansa ancobeta. Yawan kifin nan ya wuce a faɗa. Inda kifi ya yi yawa kuwa, masu cinsa ba su nisa. Manyansu tsuntsaye ne iri uku. Akwai gwanai, mai dogon wuya, baƙin baya da farin ciki, girmansa kamar na agwagwa. Akwai fikero, mai farin kai da kaifin baki. Na uku kun san danginsa, kwasakwasa ne mai jaka a ƙarƙashin baki. Da rana su ci kifi a teku, da dare su kwana a tsibiran, can su ke ƙwai, can kuma su ke zubar da kashinsu.

A sauran ƙasashe ruwan sama ya kan wanke kashin tsuntsu, ya tafi da ƙarfinsa. Nan kuwa babu mai wankewa. Rana ta busar da na bana bisa na bara, na baɗi ya hau kan na bana, shekara dubbai ana haka. A tsibiran Chincha guda uku, waɗanda ke wajen mil 13 daga bakin teku kusa da garin Pisco, tudun kashin ya kai ƙafa 150 a waɗansu wurare. Mutanen ƙasar suna kiransa wanu, watau taki, mutanen Sifen suka juya kalmar ta zama gwano. Kada ku ɗauka gwanon nan namu ne mai tafiya a jere, ko da ya ke wajen wari ba wanda zai yi wa wani gori. Abin da ya ba shi daraja shi ne wani sinadari da masana ke kira naitirojin, wanda shi ke sa ganye ya yi kore shar. Takin shanu yana da shi kaɗan, na tsuntsayen nan kuwa ya ninka na shanu sau da yawa.

Mutanen ƙasar sun san wannan tun kafin Bature ya san akwai Amurka. Masu haƙa na baya sun riƙa tono tukwane da gumakan itace na mutanen da, binne can cikin tudun. Sa'ad da sarakunan Inka suka mallaki ƙasar sai suka kafa wa abin doka. Wanda ya ba mu labarin dokar shi ne Garcilaso de la Vega, ɗan wani sarkin yaƙi na Sifen, uwarsa kuwa 'yar gidan sarautar Inka ce, cikin littafinsa da aka buga a 1609. Ya ce an raba tsibiran ga larduna, ko wane gari da rabonsa, ko wane manomi da mudunsa gwargwadon gonarsa. Ba mai sauka a tsibiri lokacin da tsuntsaye ke kwanci. Wanda ya sauka, ko ya kashe tsuntsun nan a ko ina, hukuncinsa kisa. Dokar da tsanani, amma ku lura da abin da ke ƙarƙashinta. Sarakunan nan sun ɗauki tsuntsayen a kan garke ne, takin kuwa abin da garke ke bayarwa. Mai shanu ba ya yanka saniyar tatsa.

Mutanen Sifen suka ci ƙasar daga 1532. Su zinariya da azurfa suka zo nema, ba su ga abin sha'awa a kashin tsuntsu ba. Dokar Inka ta mutu tare da sarautarsu, sai dai manoman bakin teku suka ci gaba da ɗiba kaɗan-kaɗan cikin 'yan jiragensu, har kusan shekara 300.

Cikin 1802 wani masani Bajamushe, Alexander von Humboldt, ya iso Callao, tashar jiragen Lima. Ya auna ruwan teku ya ga sanyinsa bai dace da ƙasar zafi ba, shi ya sa har yau a ke kiran igiyar nan da sunansa. Ya kuma ga ana sauke wani gari mai wari daga jirage, ya ɗebi kaɗan ya aika wa masana a Turai, suka gwada suka ga cike ya ke da naitirojin. Amma ko Humboldt, duk da iliminsa, ya yi shakkar tsuntsayen da ya gani za su iya tara tudu haka, ya yi zaton ko wani abu ne na zamanin farko, irin gawayin ƙasa. Wannan zato ya daɗe a kawunan Turawa. Abin da aka ɗauka ma'adini ne kuwa, ba a tunanin kiwonsa, sai haƙa.

Haƙar ta soma wajen 1840. A lokacin gonakin Ingila sun gaji, birane sun cika da masu cin abinci, ga kuma wani masani, Justus von Liebig, ya fitar da littafi a shekarar yana bayyana abin da tsiro ke ci a ƙasa. Jiragen farko suka sauke takin a Liverpool, manoma suka gwada, suka ga abin mamaki. Nan da nan Gwamnatin Peru ta ce tsibiran nata ne, ta ba 'yan kasuwa iznin sayarwa, babbansu kamfanin Antony Gibbs na London. Daga nan zuwa 1880 an fitar da fiye da tan miliyan 10. Akwai lokutan da jirage fiye da 100 ke tsaye a Chincha, ko wanne yana jiran layinsa, wani har wata biyu ko uku.

Bari mu gaya muku yadda a ke aikin, don kada ku ji ana maganar miliyoyi ku manta da hannuwan da suka tara su. Tudun ya daskare kamar tsohuwar ganuwa, sai da diga a ke fasa shi. A zuba a amalanke, a tura zuwa bakin dutse, a juye cikin wani dogon bututu na tamfol wanda ya sauka har cikin jirgi. Ƙura ta turnuke, ga wari irin na fitsarin da ya kwana, mai sa hawaye da haɓo. Waɗanda ke cikin rumbun jirgi suna baje kaya ba su iya daɗewa sai sun fito shan iska. Ba ɗa mai 'yanci da zai yarda da wannan aiki, don haka aka fara da fursunoni da bayi da sojan da suka gudu. Da ba su isa ba sai aka juya ga ƙasar Sin. Daga 1849 zuwa 1874 an kwaso Sinawa wajen 90,000 ko fiye zuwa Peru, yawancinsu ta tashar Makawo, bisa takardar ƙodago ta shekara takwas wadda da yawansu ba su san abin da ta ƙunsa ba. Mafi yawa gonakin rake da auduga aka kai su, waɗansu kuwa tsibiran. A can akwai bulala, akwai abin da aka yanka wa ko wane mutum ya haƙa a yini, ga ƙarancin abinci, ga teku ta ko wane gefe. Matuƙan jirage da suka gani da idonsu sun ba da labarin waɗanda suka riƙa faɗawa daga kan dutse don su huta.

Ga wani abu da ya kamata ku tsaya a kansa. Cikin 1854 shugaban Peru, Ramón Castilla, ya 'yanta bayin ƙasar baƙar fata, ya biya iyayengijinsu diyya, ya kuma soke harajin da a ke karɓa daga mutanen ƙasa na asali. Da kuɗin taki ya yi duka biyu. Aiki ne mai kyau, ba mu rage masa lada ba. Amma kuɗin da ya kwance igiya daga wuyan wani, daga gumin wani ɗaurarre ya fito.

Zazzaɓin nan bai tsaya a Peru ba, har ya taɓo Afirka. A gaɓar ƙasar da a ke kira Namibiya yanzu akwai hamada irin wannan, da igiyar ruwan sanyi irin wannan, da wani ɗan tsibiri wai shi Ichaboe. Wani matuƙi Ba'amurke, Benjamin Morrell, ya gan shi a 1828, ya ambaci tudun kashin da ke kansa cikin littafinsa. 'Yan kasuwan Liverpool suka karanta, suka aika jirgi a 1843. Kafin ƙarshen 1844 jirage fiye da 400 sun yi masa zobe, mutane dubbai suna haƙa suna faɗa da juna. Cikin 1845 aka kankare shi har dutse, an kwashe wajen tan 300,000. Abin da aka yi shekara dubbai ana tarawa, shekara biyu ta ishe shi.

Sauran labarin Chincha irin wannan ne, sai dai ya fi tsawo. A 1856 Majalisar Amurka ta yi doka, duk Ba'amurken da ya sami tsibirin taki marar mai shi yana iya kama shi da sunan ƙasarsu. A watan Afrilu 1864 jiragen yaƙin Sifen suka kame Chincha, don sun san nan ne aljihun Peru, aka yi ta rikici har 1866. Gwamnatin Peru kuwa ta mai da takin da ba a haƙa ba tukuna jingina, tana cin bashi a Turai. A 1869 ta yi yarjejeniya da gidan Dreyfus na Faransa a kan tan miliyan 2, ta zuba kuɗi cikin hanyoyin jirgin ƙasa masu hawa duwatsun Andis. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka diga ta taɓa dutse a Chincha. A 1876 ƙasar ta kasa biyan bashi. A 1879 ta shiga yaƙi da Chile, ta sha kashi. A 1890 aka miƙa wa masu bin bashi na Ingila hanyoyin jirgin, da iznin fitar da sauran takin.

Tsuntsayen fa? Cikin shekarun nan duka ba wanda ya ƙidaya su, ba wanda ya tambayi lafiyarsu. Ma'aikata suna cin ƙwansu da 'ya'yansu, ana korarsu daga sheƙa don a sami wurin haƙa. Da tsohon tudu ya ƙare sai 'yan kwangila suka koma kan sabon da a ke zubarwa shekara-shekara, kowa yana gaggawar kankarewa kafin wani ya riga shi, ko ana kwanci ko ba a yi. Jirage dubbai sun zo sun tafi, manya-manya, amma duk kaya suka zo ɗauka.

Babban jirgi ma ba shi da amfani ga mai son ganin tsibiran nan. Ba su da tasha, gefensu dutse ne a tsaye, igiyar ruwa tana dukansa dare da rana. Sai da ƙaramin jirgi a ke matsawa, sa'an nan a shiga kwalekwale, a jira igiya ta ɗaga shi, mutum ya yi tsalle ya kama dutse, ko ya cafki tsanin igiya da ke reto daga sama. Wanda ya kuskure ya sha ruwan sanyi. Kuma in ka sauka, ruwan da za ka sha sai wanda ka zo da shi.

Cikin 1906 masu gonakin rake da auduga na Peru suka ga takin da gonakinsu ke bukata yana neman gagararsu. Gwamnati ta ɗauko wani saurayi Ba'amurke, masanin kifi, Robert Coker, ɗan shekara 30. Ya yi kusan shekara biyu yana bin gaɓar ƙasar tsibiri-tsibiri. Aikin da ya yi ba wanda ya fi ƙarfin ɗan aji huɗu ba ne, haƙuri kawai ya ke so. Ya auna faɗin filin da gwanai suka rufe, ya ƙirga sheƙa nawa ke cikin murabba'in mita guda, watau abin da ya ɗara yadi kaɗan ta ko wane gefe, ya sami uku. Ku ɗauki allo ku buga da kanku: eka guda za ta ɗauki sheƙa wajen 12,000, manyan tsuntsaye 24,000, ban da 'ya'ya. Ya kuma auna kaurin abin da suka zubar a shekara. Da ya haɗa lissafi sai ya nuna wa Gwamnati cewa dukiyarta tana nan da rai, tana yawo da fukafukai, kuma ana kashe ta. Shawararsa ita ce a hana taɓa ƙwai, a daina aiki lokacin kwanci, a riƙa rufe tsibirai bi da bi su huta kamar yadda manomi ke barin saura, a kuma danƙa su duka a hannu ɗaya don a kashe tseren 'yan kwangila. Duk wanda ya karanta Garcilaso zai ga ba sabon abu Coker ya kawo ba. Dokar Inka ce ta dawo da alƙaluma.

A 1909 aka kafa kamfanin kula da taki, Gwamnati da manoman ƙasar suka haɗa hannu a ciki. Aka zuba masu gadi a tsibiran, aka hana masunta matsowa, aka hana jirage busa ƙaho kusa da su.

Bayan shekara goma wani masanin tsuntsaye ya zo ganin abin da aka samu, Robert Cushman Murphy, daga gidan ajiye kayan tarihi na Brooklyn a Amurka. Daga ƙarshen 1919 zuwa farkon 1920 ya zaga tsibiran, yawanci cikin ɗan jirgin kamfanin mai suna Alcatraz, watau kwasakwasa. Littafin da ya fitar a 1925 ya nuna wa mutanen waje yadda rayuwa ta ke a kan duwatsun nan, kuma ya cancanci mu ɗan daɗe a kan abin da ya gani.

Daga nesa tsibirin gwanai fari ne fat, sai wani baƙin tabo shimfiɗe a kansa kamar an yar da bargo. In ka matso sai ka ga bargon tsuntsaye ne, kafaɗa da kafaɗa. Ko wace sheƙa da kashinsu suka gina ta, zagayayya kamar gammo, tazarar da ke tsakaninta da ta maƙwabci kuwa daidai inda baki ba zai kai sara ba. Ƙwai biyu ko uku su ke yi. 'Ya'yan su kan fito tsirara, baƙaƙe, sai uwa da uba su riƙa karɓa-karɓa suna yi musu inuwa, don in an bar su a buɗe rana ta kashe su. Kun ga dalilin da ya sa mutum ɗaya mai ratsawa ta tsakiyarsu ya ke ɓarna mai yawa: iyaye su tashi, rana ta sauka, tsuntsayen da ke fakon ƙwai su faɗo. Da safe su kan fita kiwo a jere, ayari guda baƙi ƙirin bisa ruwa, Murphy ya ce wani ayarin ya kan yi sa'a huɗu ko biyar yana wucewa bai ƙare ba. In sun iske kifi sai na gaba su sauka su nutse, na baya su tsallake su su sauka a gabansu, haka har su cinye gefen taron kifin. An taɓa samun kifi fiye da 70 a cikin tsuntsu ɗaya. Fikero shi daga sama ya ke farauta. Ya tsaya can bisa, ya naɗe fukafukai, ya sako kai ƙasa kamar mashi. In dubbai suka sako tare sai ka ce ruwan kibau a ke yi wa teku.

Ba su kaɗai ke nan ba. A gindin duwatsu da cikin koguna akwai wata dabba mai santsin jiki, ƙafafunta kamar filafilai, tana haihuwa tana ba da nono, mutanen Sifen na ce mata kyarkecin teku, Turawan Ingila kuwa zakin teku, saboda gezar namijin da rurinsa. Akwai fengwin, tsuntsun da ba ya tashi, yana tafiya a tsaye kamar dattijo da farar riga, a ruwa kuwa kifi ba ya tsere masa. Ana ɗaukarsa tsuntsun ƙanƙara, amma ruwan sanyin nan ya kawo shi har ƙasar zafi. Shi da wani ɗan tsuntsu, fotoyunko, rami su ke tonawa cikin tudun taki su yi ƙwai, don haka ranar da aka kankare tudun, ranar aka rushe musu gari. Fotoyunko da a da ya cika Chincha ya koma 'yan tsibirai ƙalilan. Akwai kaska mai shan jinin 'yan tsaki, akwai kuma ƙadangaru masu cin kaskar. Daga can duwatsun Andis kuma kondo, wata ƙatuwar mikiya wadda faɗin fukafukanta ya kan kai ƙafa 10, ta kan sauko ta sha ƙwai. Masu gadi suka sa mata bindiga, da ita da sauran masu cin ƙwai, aka kashe dubbai. A nan mu ba mu yaba wa kamfanin ba. Ya koyi son tsuntsun da ke kawo kuɗi, sauran kuwa ya ɗauke su ɓarayi, alhali tare suka zauna shekara dubbai tudun yana ta girma.

Kiwon dai ya yi albarka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu har aka riƙa gina katanga a wuyan waɗansu duwatsu da suka kutsa cikin teku, don a tare yanyawa da mutane, tsuntsaye suka ɗauke su tsibirai suka zauna. Wajen 1955 an ƙiyasta tsuntsayen sun haura miliyan 20, a 1956 kuma aka kwashe taki fiye da tan 300,000, duk sabo, ba a taɓa jari ba.

Sai dai akwai abin da katanga da bindiga ba su tarewa. Bayan 'yan shekaru, wajen Kirsimeti, ruwan ɗumi ya kan gangaro daga arewa ya danne na sanyi. Masuntan arewacin Peru suna kiransa El Niño, watau Jariri, saboda lokacin ya yi daidai da bikin haihuwar Annabi Isa. In ya zo da ƙarfi sai a yi ruwan sama a hamada, tsuntsaye kuma su yi ta mutuwa. Murphy ya ga haka da ya komo a 1925. Da yawa suna cewa annoba ce. A 1939 kamfanin ya ɗauko wani Ba'amurke kuma, William Vogt, ya zauna a Chincha ta Arewa kusan shekara uku, yana sa wa tsuntsaye dubbai zobe a ƙafa don a san inda su ke zuwa, yana auna su, yana buɗe cikin waɗanda suka mutu. Ruwan ɗumi ya zo yana can. Ya ga iyaye sun watse sun bar 'ya'ya a sheƙa, tsibiri guda ya zama kufai cike da gawa. Ya tabbatar yunwa ce ke kashe su, cuta da kaska bayanta su ke biyowa. Ruwa ya yi ɗumi, ancobeta ya nutse ƙasa ko ya yi kudu, inda baki ba ya kai wa. Ya gargaɗi kamfanin cewa ran garken nan a hannun ɗan kifin nan ya ke, in mutane suka shiga kamunsa da yawa, tsuntsaye ba za su sami abin farfaɗowa ba bayan shekarar yunwa.

Abin da ya ji tsoro shi ya faru. Tun a 1909, shekarar da aka kafa kamfanin, wani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano hanyar ciro naitirojin daga iska, wadda ita ce asalin yawancin takin zamanin da ku ke gani a kasuwa. Duniya ta daina dogara ga tsuntsu. Masu kuɗi kuma suka lissafa, suka ga in an niƙa kifin ya zama garin abincin kaji da aladun Turai, ya fi kawo riba bisa a bar tsuntsu ya ci. Daga wajen 1955 masana'antun garin kifi suka cika gaɓar Peru. Ruwan ɗumi na 1965 ya iske tsuntsaye ba su da rara, suka ragu zuwa wajen miliyan 4. A 1970 jiragen Peru suka kama ancobeta fiye da tan miliyan 12, abin da ba a taɓa yi da kifi iri ɗaya ba. A 1972 ruwan ɗumi ya komo, kamun kifin kansa ya rushe, masunta dubbai suka rasa aiki. Kifin ya farfaɗo daga baya, amma tsuntsayen ba su sake komawa yawansu na da ba. A 2022 da 2023 kuma murar tsuntsaye ta bi gaɓar ta kashe dubbai, har da zakunan teku.

A ƙarshen 2009 Gwamnatin Peru ta haɗa tsibirai 22 da duwatsun bakin teku 11 ta mai da su hurumi guda. Daga garin Paracas ƙananan jirage su kan kai baƙi tsibiran Ballestas, kudu da Chincha kaɗan, su zaga ƙarƙashin duwatsun, a ga fengwin da zakunan teku, amma ba a yarda kowa ya sauka ba. Ana kwasar taki har yanzu, ɗan kaɗan in an gwada da na 1956, kuma yawancinsa gonakin ƙananan manoman ƙasar ya ke zuwa. Da hannu a ke yi, da diga da tsintsiya da buhu, don inji yana firgita tsuntsaye, ma'aikatan kuwa yawancinsu daga ƙauyukan kan duwatsun Andis su ke saukowa, da albashinsu. In an kwashe tsibiri sai a bar shi shekaru kafin a komo. A tsakani ba kowa a kai sai masu gadi, sau da yawa mutum biyu, jirgi yana kawo musu ruwa da abinci. Ko wane wata mai gadi ya kan hau tudu da taswirar tsibirinsa, ya zana iyakar filin da gwanai suka rufe, da na fikero, da na kwasakwasa, ya aika Lima a buga lissafi.